Bindigar gado da dilan Majiya

Duk wanda ya bi kwalta daga Birnin Ƙonni ya yi gabas ya san Tsarnawa. Nan ne hanya take rabuwa biyu. Guda ta miƙe Malbaza, garin siminti, ta wuce Galmi da Madawa har Maraɗi. Guda ta yi arewa, ta ratsa ƙasar Illela, ta bi Badagishiri, ta isa Tawa. Masu mota ba su ganin komi sai buhunan albasa da masu talla a bakin tasha. Amma in ka bar kwalta ka shiga ciki wajen gulbin Majiya, akwai ƙauyuka da tungaye da yawa. A ɗaya daga cikinsu ne wani magidanci shike zaune, shi da matarshi da ɗiya biyar.

Manomi ne. Da damana hatsi da dawa da wake, da rani ƴar garkar albasa. Ya yi shekara biyu shina zuwa karatun manya, har ya iya rubutu da lissahi. Tun daga nan ya sayi kaye guda, komi ya shigo gidan ko ya hita sai shi rubuta. Bisashen gidan ba su da yawa: awaki bakwai, tumaki biyu, jaki guda. Awakin ma yawancinsu na matar ne. Cikinsu akwai wata jar akuya, irin ta Maraɗi, wadda gwamnati ta yi wa gidan kiwo a can tun 1963 saboda kyaun fatarta da yawan haihuwar tagwaye. Wannan ba tasu ba ce. Gwaggon matar ce ta ba ta habbanaye: ta riƙe uwar, in ta haihu ɗiyan su zama nata, sa'an nan ta maida uwar ga mai ita. Da ɗiyan nan ne matar take son ta fara tara kayan ɗakin babbar ɗiyarsu.

Da farkon sanyin bara waccan akuyar ta haihi biyu. Kwana tara, da asuba, anka ji awaki suna ta kuka bayan gida. Kahin a hito, ɗan akuya guda ya tahi. Bayan sati na biyun ya bi shi. Sa'an nan ɗan tumkiya, sa'an nan zabi uku. Mai gidan ya buɗe kaye ya rubuta su a jere, ya tsaya shina kallon shahin. Matar ba ta ce mishi komi ba. Hura ta aje mishi ta koma ɗaki, wannan kuwa ya hi magana ciwo.

Ya tashi ya tahi wurin wani tsohon maharbi, abokin marigayi ubanshi.

— Baba, dila ya ƙare ni. Bindiga nike so.

— Yaro, ka gan shi da idonka?

— A'a.

— To, wa ya ce maka dila ne?

Tsohon ya ɗauki sandarshi sunka taho tare. Ya duƙa bayan shinge, ya daɗe shina duban ƙasa. Ya ce karnukan gari ma suna kashe ƴan awaki, kuma sau da yawa a kan dila ake ɗora laihinsu. Amma kare shina yayyaga, shi yi ɓarna, shi bar gawa nan. Sawunshi kuma faɗi gare shi, shina yawo nan da can. Wannan sawun siriri ne, ya zo a miƙe, ya koma a miƙe, ya shiga ta wata ƴar kafa ƙarƙashin ƙaya wadda kowa bai lura da ita ba. Tsohon ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya ce:

— Malamin daji ne. Kuma su biyu ne, shi da matarshi.

Dila ba babba ba ne. Nauyinshi bai cika wuce kilo 15 ba, wasu ma rabin haka. Da wuya shi kada babbar akuya mai lahiya. Ƴan awaki da ƴan tumaki da kaji da zabi ne abin nemanshi a gari. A daji kuwa ba shi zaɓe: ɓera, gahiya, fara, ƙadangare, mushe, ɗiyan magarya, har kankana a garka. Da magariba shike hita, da kuma asuba. Namiji da mace suna zama tare shekara da shekaru, suna tsare yankinsu kada wani dila shi shigo. Ku riƙe wannan magana, tana da amfani a gaba.

Shawarar farko daga wani maƙwabci ta zo: a sayi maganin ƙwari a kasuwa, a zuba cikin mushe, a aje bakin daji. Tsohon ya ƙi ko saurare. Ya ce ya ga zamanin da ma'aikatan bisashe suke bin daji da guba saboda kuraye da diloli. Kurayen sun mutu, gaskiya ne. Amma ungulaye sun mutu, karnukan makiyaya sun mutu, duk abin da ya taɓa naman ya mutu. Guba ba ta tambayar sunan mai ci. Dokar farauta ta Nijar ma, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, ta hana ta.

Sai maganar bindiga. Nan mai gidan ya gane ba a cewa bindiga kawai, kamar yadda ba a cewa ƙarhen noma kawai: kwasa daban, hauya daban, galma daban.

Akwai ta Turai mai harsashi guda mai zuwa nesa. Wani ɗan uwanshi da ya yi ci-rani ya yi ta yabonta, ya ce daga bakin gida kana iya kada dila a kan tudun can. Tsohon ya tambaye shi: in ka kuskure fa? Harsashin irin wannan bindiga shina tahiya hiye da kilomita guda kahin shi faɗi. A ƙasar Ƙonni ina hilin da za ka duba kilomita guda ka rantse ba kowa? Bayan kowace geza akwai yaro da awaki, ko mace mai neman itace, ko mai ban ruwan albasa. Ba a ma kai ga maganar kuɗɗinta ba anka aje ta. Ta yaƙi kuwa, wadda ke shigowa a ɓoye ta iyaka, mai hankali ba shi ko taɓa ta. Tun 1994 gwamnati ta kafa hukuma musamman don tattara irin waɗannan makamai daga hannun mutane.

Akwai kuma mai ɓarin dalma, wadda ake karyawa a sa harsashi, masu ita suna ce mata kalibar 12. Ita ce ta dace da aikin, tsohon bai musa ba. Ƙwayoyinta kusa suke watsuwa, ba su zuwa nesa. Mai gidan ya tambayi kuɗɗinta da na harsashi da na takardu, ya rubuta a kaye, ya haɗa. Ya ga ko ya sayar da awakin gidan duka ba su kai ba. Wa za shi sayar da garke don shi tsare garke?

Sai mai arha. Ana samunta a ɓoye ranar kasuwa, an goge ta tana ƙyalli, kuɗɗinta bai wuce na akuya guda ba. Zuciyarshi ta kwanta da ita. Allah ya sa ya biya wurin maƙerin da ke yi mishi kwasa ya faɗa mishi. Maƙerin bai ce komi ba tukuna. Ya jawo guntun bututun ruwa daga cikin tarkace, ya juya shi, ya nuna mishi wani siririn layi da ya bi tsawonshi.

— Ka ga wannan, malam? Ɗinki ne. Fallen ƙarhe ne anka naɗe anka liƙe. Don ruwa anka yi shi, ruwa kuwa ba shi hushi. Albarushi in ya tashi, wurin da ya hi rauni shike nema. Ƙarƙashin ɗinkin nan hannunka na hagu shike, bisanshi idonka.

Ya ce mishi ranar kasuwa shi duba wani mai sayar da goro, shi ƙirga yatsunshi. Mai gidan ya san mutumin. Bai dai taɓa tambayar abin da ya same shi ba.

Maƙerin ne kuma ya ce: ina bindigar babanka?

Tana nan, rataye a tsohon ɗaki, naɗe da tsumma. Ta ɗure ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda ake yi wa ba'a ana ce mata harba-ka-ruga, don harbi guda take yi. Uban ya rataye ta tun shekarun 1970, sa'ad da gwamnati ta ruhe farauta a ƙasa duka. Bai ƙara sauke ta ba sai don shafa mai. Da ya rasu, ba wanda ya ƙara shafawa.

— Kawo ta in gani, in ji maƙerin. Amma takarda tukuna. Zamanin nan da ɓarayin shanu suke yawo bakin iyaka, mai bindiga ba takarda da su ake haɗa shi. Maƙerin da ya gyara ta ma haka.

Mai gidan ya tona akwatin ubanshi, ya tarar da tsohuwar takarda cikin gwangwani. Da Faransanci take, bai ji abin da ta ce ba. Amma ya karanta sunan ubanshi da kanshi, ya karanta lamba, ya duba jikin ƙarhen ya ga lambar nan anka buga. Ya je wurin mai gari, mai gari ya aike shi ga hukuma. Can ya koyi cewa takardar riƙe bindiga daban, izinin farauta daban, na biyun a hannun ma'aikatan gandun daji shike. Ya faɗa musu ɓarnar da anka yi mishi, ya nuna musu kaye. Tahiya uku ya yi, albasarshi ta sha ƙishirwa kwana biyu. Amma ya komo da abin da za shi nuna in an tambaye shi.

Maƙerin ya raba ƙarhe da itace. Itacen gara ta gama da shi, da yatsa ma ana huda shi. Ƙarhen kuwa ya wanke shi, ya yi kwana biyu shina goge cikinshi, ya ɗaga shi ga rana ya leƙa. Sa'an nan ya rataye shi da zare, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Ya ce ƙarhe mai tsaga muryarshi a dushe take, kamar ta tukunyar da ta tsage. Wannan ya yi ƙara mai tsawo. Ba ɗinki, ƙirar da ce. Tsatsa ta ɗan ci baki, amma gindin, inda wuta take tashi, lahiya lau. Da ya ga rami a gindin, in ji shi, da sai dai a yi turken jaki da shi.

Bindigar doguwa ce, ta kai wa mai gidan haɓa. Ya roƙa a rage mishi ita. Maƙerin ya ƙi.

— Wanda ya ƙera ta ya hi ni sani. Ni gyara nike, ba ƙari ba ragi.

Abin da ya sake shi ne ƙarhen da ke riƙe kunama, don ya saki, har takan faɗi da kanta in an girgiza. Ya ce bindigar da ke tashi ba a taɓa ta ba ta hi dila ɓarna. Ya gyara ta har sai mutum ya ja da niyya.

Ƙota aikin masassaƙi ne, kuma nan aiki ya daɗe. Mai gidan ya so ƙirya, don ya san ba ta ruɓewa. Masassaƙin ya ce ƙirya nauyi gare ta, kahin gari shi waye hannu ya mutu, kuma itace ne da anka hana sarewa. Ɗanyen itace ma bai yi ba: in ya bushe shina tsukewa, shi tsage, ƙarhe shi riƙa rawa cikinshi. Akwai wani guntun maɗaci da ya shekara uku a ajiye cikin zaurenshi, shi anka ɗauka. Ya sa mai gidan ya lanƙwasa hannu, ya auna daga cikin gwiwar hannun zuwa yatsa. Uban dogo ne, ɗan gajere, don haka sabuwar ƙota ta kasa tsohuwa da yatsa uku. Sau huɗu ana kiranshi shi ɗora a kafaɗa, shi ruhe ido, shi buɗe. In ya buɗe ya ga idonshi bai bi bayan ƙarhen ba, a ƙara sassaƙa. Da rigar sanyi anka sa shi gwada, don da sanyi za shi yi kwanto. Masu gaggawa su ce wannan ɓata lokaci ne. Amma kowa ya taɓa yini da hauyar da ba awonshi ba ya san abin da baya ke cewa da dare.

Ranar gwaji an sanar da gari. Anka tahi wani kwari nesa da hanyar bisashe, anka ɗaure ta ga kututture, bakinta na kallon gangare. Anka ɗaura doguwar igiya, kowa ya ɓuya bayan tudu. Sau uku anka ja, sau uku maƙerin shina zuwa shi goge, shi dudduba. Da ya yarda da ita, ya hiddo ɗan ƙahon akuya da ya yanke daidai ya miƙa wa mai gidan.

— Wannan ne awon albarushinta. Ko zaki ka gani, kada ka ƙara. Dalma kaɗai take ci, ba ƙusa, ba tsakuwa.

Ya kuma yi wa sandar ɗuri alama, don in an zura ta a san ko akwai ɗuri ciki. Ya ce mantuwa ta sa mutane da yawa sun ɗura sau biyu.

Tsohon maharbi ya kafa tsohon buhun siminti a taki 30. Mai gidan ya harba, ƙwayoyin sunka taru cikin faɗin faifai. Anka maida buhun taki 60. Biyu kaɗai sunka same shi, guda can guda nan.

— To, ka ji abin da ta ce, in ji tsohon. Taki talatin ne iyakarta. Bayan nan rauni za ka yi mishi. Ko shi tahi shi mutu cikin wahala, ko shi warke da gurguwar ƙafa. Gurgun dila kuwa ba shi iya kamun ɓera, awakinka za su zama abincinshi kullum.

Ya ƙara mishi biyu: kada yatsa shi taɓa kunama sai ya ga kunnuwa da wutsiya, kuma sai ya ga abin da ke bayan dilan.

Sanyi ya kusa hita sa'ad da ya fara kwanto. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka ya zauna inda za ta kwashe warinshi ta kai bayanshi. Dare uku ba komi sai sanyi. Dare na huɗu, wata ya kusa faɗuwa, ya ji motsi daidai kafar nan. Wani abu mai launin ƙasa shina rarrahe gindin shinge. Ya ɗora ƙota a kafaɗa, ta zauna daidai kamar yadda anka sassaƙa ta. Taki ashirin ne, ko makaho ba shi kuskurewa. Zuciyarshi tana cewa ja, ja. Amma bai ga kunnuwa ba. Ya jira. Sai abin ya yi tari.

Ɗan maƙwabcinshi ne, yaro ɗan shekara goma, ya lulluɓa da buhu saboda sanyi. Tarkon gahiya ya ɗana gindin shingen, ya zo dubawa tun da duhu kada wani yaro shi riga shi.

Mai gidan ya sauke bindiga a hankali. Ya so shi tashi, ƙafa ta ƙi. Nan rana ta hito ta tarar da shi. Bai yi wa yaron faɗa ba. Ya je wurin uban yaron, daga nan wurin mai gari, anka yi shela kada kowa shi bi bayan shingen kahin rana ta hito. Da dare matar ta ce:

— Mai gida, in don awakina ne, bar shi.

Kwana biyu bai taɓa bindigar ba. Tsohon ya ce mishi kuskuren nashi ne shi ma, da ya bar shi ya yi kwanton duhu. Daga nan sai bayan sallar asuba, sa'ad da ido ke rarrabe kare da akuya.

Sahiya ta biyar dilan ya zo. Ya tsaya nesa, ya shinshina iska, ya matso, ya tsaya. Kunnuwa a tsaye, wutsiya mai baƙin baki, bayanshi kuwa gangaren tudu ne, ba kowa. Harbi guda, bai ƙara motsi ba. Macen ta juya ta shige geza.

Yara sunka sheƙo kallo, tsohon ya kore su da sanda. Ya ce dila shina ɗaukar haukan kare. Wanda kunka gani ya shigo gari da rana tsaka ba shi tsoron mutum, ku nisance shi. In ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi likita ranar nan, kada a jira. Sa'an nan ya farke cikin dilan don shi ga abin da ya ci. Ɓeraye huɗu, fara, ƙwallayen magarya, da ɗan gashin kaza. Mai gidan ya daɗe shina kallon ɓerayen nan, ya tuna ramukan da ke cikin garkarshi da gindin rumbu. Anka haƙa rami mai zurhi anka binne gawar.

Wata biyu ba a rasa ko kaza ba. Sai wani dare, ana zahi, anka ji kuka daga kan tudu, kuma ba murya guda ba. Tsohon ya yi dariya. Ya ce gona mai kyau ba ta rasa mai nema. Mai yankin ya mutu, waɗanda da shike korewa sun shigo.

Ba a Majiya kaɗai abin shike haka ba. A Amurka akwai wani ɗan uwan dila da suke ce wa koyoti. A 2015 ma masu bincike sun nuna cewa dilan Afirka irin wannan ba ɗaya suke da na Asiya ba, ya hi kusa da kyarkecin ƙasashen sanyi da koyotin nan. Makiyayan Amurka suna da bindigogi masu madubin hangen nesa, da tarkuna, har da jirgin sama ake harbinshi. A shekarun nan ma'aikatar gwamnatinsu kaɗai takan kashe hiye da 50,000 a shekara. Duk da haka dabbar da a da take tsakiyar ƙasar da yammacinta ta bazu daga teku zuwa teku, har cikin manyan birane irin su Shikago.

Mai gidan ya buɗe kaye. Ya haɗa ladan masassaƙi da kuɗɗin mota da na takardu da na albarushi. Sun kai kuɗɗin ƴan awaki uku, ban da na maƙeri. A ɗayan shahin, dila guda. Ya ruhe kaye ya ɗauki gatari da ƙoƙuwa. Kwana huɗu shina jan ƙaya, shi da ɗiyanshi maza. Sunka ninka shinge biyu, sunka jera duwatsu gindinshi kada a tona, sunka yi ƙyaure da tsohon duro. Wani tsohon rumbu da ya daina cin hatsi ya zama ɗakin kwanan ƴan awaki. Wani Bahillace abokinshi ya ba shi ɗan kwikwiyo, anka bar shi shina kwana cikin garke har ya saba da su.

Akuya wata biyar take da ciki. Da damana jar akuyar ta sake haihuwar biyu. Ba a bar su sun bi garke daji ba sai da sunka yi ƙwari. Da anka yaye su, matar da babbar ɗiyarta sunka ja uwar sunka maida wa gwaggo, da ƙwaryar wake a ka. Bindigar tana rataye a sabon ɗaki, ba ɗuri cikinta, albarushin kuwa cikin akwati mai kwaɗo. Ranar da sunka komo, mai gidan ya rubuta a kaye: jar akuya ta koma, saura ɗiyanta biyu, duka mata. Ƙarƙashin haka ya ƙara: bashin maƙeri, buhun albasa guda, sai an cire.